Lita Shida Kacal: Yadda Amurkawa Suka Sha Fama Da Masai Mai Tsimin Ruwa

Tsakanin birnin Detroit na ƙasar Amurka da birnin Windsor na ƙasar Kanada babu abin da ya raba sai kogi guda, da gada a bisansa, da hanyar mota da aka haƙa ta ƙarƙashinsa. A zamanin da gwamnatin Amurka ta haramta giya, watau daga 1920 zuwa 1933, ta wannan kogi ne 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa shigo da barasa cikin duhun dare. Bayan an yi shekara sittin da 'yan kai sai ga wani irin kaya dabam ya kama wannan hanya, kayan da ba wanda ya taɓa zaton mai hankali zai ƙetare iyakar ƙasa dominsa. Magidanta ne masu mutunci suke tuƙa motocinsu da rana tsaka su haye Kanada, su sayi masai na tangaran irin na da, mai ƙaton tanki, su ɗora shi a bayan mota su komo gida suna murna kamar sun tsinci dami a kala. Jaridun ƙasar suka riƙa kiran abin fasa-ƙwaurin masai, aka yi ta dariya. Su kuwa masu zuwa sayen ba da wasa suke ba, don abin da ya fitar da su ya shafi wurin da kowa ke ziyarta kullum, sarki ne shi ko talaka.

Doka ce ta kore su daga kantunan garinsu. Ran 24 ga watan Oktoba na 1992 Shugaba George Bush, watau Bush uba, ya sa hannu a kan wata doguwar dokar makamashi wadda akasarinta ta shafi wutar lantarki da man fetur da gas. Can a cikinta akwai wasu 'yan layuka game da kayan ban ɗaki. Layukan sun ce daga ran 1 ga Janairu na 1994 ba za a ƙara ƙera masai na gida wanda ke zubar da fiye da galan 1.6 a ja guda ba, watau lita 6, kuma kan shaya kada ya fitar da fiye da galan 2.5 a minti ɗaya, wajen lita 9 da rabi ke nan. Galan ɗin Amurka, ya kamata a sani, bai kai na Ingila wanda aka saba da shi a ƙasar nan ba. Nasu lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4 da rabi.

Kafin wannan doka, masai da ake sayarwa a Amurka yakan sha galan 3.5 a ja guda, watau lita 13. Na tsofaffin gidaje kuwa yakan sha daga lita 19 har zuwa 26. Mai karatu wanda ya saba sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya kwatanta da kansa: mutum ya shiga ya yi fitsari, ya ja hannu, jarka guda cur ta wuce. Ruwan nan kuma ba na gulbi ba ne, ruwan sha ne wanda aka tace, aka sa masa magani, aka turo shi da injuna daga nesa, sa'an nan in ya ƙazantu a sake kashe kuɗi a tace shi kafin a sake shi cikin kogi. Wannan ne ya sa maganar masai ta shiga dokar makamashi. Jihar Massachusetts ce ta fara ƙayyade lita 6 tun 1989, wasu jihohi suka bi sawu kowace da nata tsarin, har masu ƙera kayan da kansu suka gwammace a yi doka guda ga ƙasar baki ɗaya.

INDA AKA YI KUSKURE

Don a gane dalilin fushin jama'a sai an san yadda masai irin na Amurka yake aiki. A ƙarƙashin kwanonsa akwai siririn bututu mai lanƙwasa. In aka ja hannu, ruwan tanki ya kwararo da ƙarfi ya cika bututun nan taf, daga nan sai bututun ya shiga zuƙe duk abin da ke cikin kwanon, daidai yadda direba ke zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar tiyon ya cika, man sai ya yi ta jan kansa. Sharaɗin dai shi ne bututun ya cika, kuma ya cika da sauri. In ruwa ya kasa, zuƙar ta katse a tsakiya, abin da ya kama hanya ya komo, ko kuwa ya maƙale.

To, da yawa daga cikin masana'antu ba su sake zanen kwanon ba da dokar ta zo. Abin da suka yi shi ne suka rage ruwan tanki, suka sa murfin roba mai saurin rufewa, wasu ma suka ƙara tsuke bututun don ɗan ruwan ya iya cika shi. Kwanon da aka zana domin lita 13 aka ce ya yi aiki da lita 6. Sakamakon bai ɓuya ba. Mutum ya ja sau ɗaya, ya tsaya ya jira tanki ya cika, ya sake ja. Robar nan mai sanda wadda ake buɗe toshiya da ita ta tashi daga ɗakin ajiya ta sami mazauni na dindindin a gefen masai. Baƙo ya je gidan surukai ya shiga ban ɗaki, ya fito yana sunkuyar da kai yana neman mai gida a asirce. Masu gyaran famfo suka yi ta amsa kira, masu gidajen haya suka yi ta amsa ƙorafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, in ji masu sukar dokar, don kuwa lita 6 sau biyu ai ta kusa lita 13 ɗin da aka ce an guje wa.

Akwai kuma wata ɓarna da ta faru a ɓoye. Murfin roba na cikin tanki ba ya dawwama, balle in ana jefa ƙwayar bilic a cikin tankin, wadda ke cinye roba. In ya lalace, mai gida ya je kanti ya sayo kowane iri ya gani ya sa. Da yake masai na farko-farkon nan da murfi mai saurin rufewa suke tsimin ruwan, da an canja murfin sai su koma shan ruwa kamar na da, mai gida bai sani ba, hukumar ruwa ba ta sani ba.

Ɗan majalisar wakilai Joe Knollenberg, wanda mazaɓarsa ke gefen Detroit a jihar Michigan, shi ya ɗauki gabarar yaƙin. Ya gabatar da ƙudurin soke wannan sashe na dokar a 1997, ya sake gabatarwa a 1999, hujjarsa ita ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin leƙa ban ɗakin mutane. Wasiƙun goyon baya suka yi ta kwarara ofishinsa, har da waɗanda aka rubuta a kan takardar goge-goge ta ban ɗaki. Abin mamaki, cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan kada a soke dokar har da masana'antun da suka ƙera kayan, domin sun riga sun kashe maƙudan kuɗi sun sake injunansu, kuma ba sa so a koma zamanin kowace jiha da dokarta. Hukumomin ruwa na birane su ma suka ƙi. Ƙudurin ya mutu a ƙaramin kwamiti a shekarar 2000.

ABIN DA MITA TA NUNA

Yayin da ake ta wannan cacar baki, wasu birane aiki suke yi. Birnin New York ya biya masu gidaje kuɗi don su tumɓuke tsofaffin masai, tsakanin 1994 da 1997 aka canja wajen miliyan 1 da dubu 300. A Los Angeles hukumar ruwa ta bi ta hannun ƙungiyoyin unguwa, ciki har da wata ƙungiyar iyaye mata ta gabashin birnin, su ne suka riƙa raba sabon masai kyauta suna karɓar tsohon, ana biyan ƙungiyar lada a kan kowane ɗaya. Ruwan da New York ke sha ya sauko daga wajen galan miliyan 1,500 a rana a 1979 zuwa wajen miliyan 1,000 a shekarun baya-bayan nan, alhali mutanen birnin sun ƙaru da fiye da miliyan guda. Ba masai kaɗai ya yi wannan aiki ba, an sa mita a gidaje, an kuma toshe bututun da ke yoyo a ƙarƙashin tituna, amma kasonsa ba ƙarami ba ne.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani bincike da cibiyar binciken ruwa ta hukumomin ruwan Amurka ta wallafa sau biyu, a 1999 da 2016. An liƙa wata 'yar na'ura a jikin mitar gidaje masu yawa a Amurka da Kanada, wadda ke iya bambance jan masai da buɗe famfo da wankin inji. A karo na farko an sami kowane mutum yana jan masai wajen sau 5 a rana. A karo na biyu, bayan sabon masai ya cika gidaje, har yanzu sau 5 ne. Watau labarin ja biyu gaskiya ne a wasu gidaje da wasu shekaru, amma bai zama halin ƙasa ba. Ruwan da mutum guda ke amfani da shi a cikin gida ya sauko daga wajen lita 262 a rana zuwa lita 222, kuma mafi yawan ragin daga masai da injin wanki ya fito.

Me ya canja tsakanin shekarun nan? Masu ƙira ne suka koma suka yi aikin da ya kamata su yi tun farko. Suka faɗaɗa ƙofar da ruwa ke fita daga tanki daga inci 2 zuwa inci 3, don ɗan ruwan ya zubo a lokaci guda kamar an juye bokiti. Suka sake lanƙwasar bututun, suka shafe cikinsa da irin santsin da ke jikin kwanon. Kamfanin Toto na Japan ya yi suna a wannan fage, sauran suka shiga tsere. Wasu kuma suka sa wata tukunya a cikin tanki mai matse iska, wadda ke harbo ruwa da ƙarfi. Aikinta ba laifi, sai dai ƙararta takan ta da mai barci.

Sa'an nan aka sami ma'auni. Da can ana gwada masai ne da ƙwallayen roba da soso, abubuwan da ba su yi kama da ainihin kayan aikin ba ko kaɗan. Wasu masana biyu, John Koeller na Amurka da Bill Gauley na Kanada, suka fito da gwajin da ake kira MaP, aka fara wallafa sakamakonsa a 2003. Ƙullun waken soya suka samo, irin wanda Japanawa ke miya da shi, suka mulmula shi daidai siffar abin da ake nufi, suna zubawa da awo har masai ya gaza. Suka ɗauki giram 250 a matsayin mafi ƙarancin abin da ya kamata masai ya kwashe a ja guda, bisa wani binciken likitoci a Ingila. A gwajin farko wajen rabin waɗanda aka gwada sun faɗi. Da yake ana buga sunan kowane kamfani da makinsa kowa ya gani, ba a daɗe ba sai ga masai masu kwashe giram 1,000. A 2006 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa shirin tambarin WaterSense, wanda masai ba ya samunsa sai ya kwashe giram 350 da ruwan da bai wuce lita 4.8 ba. Jihohin Kalifoniya da Texas sun mai da lita 4.8 ɗin doka daga 2014, ba a kuwa ji an kama hanyar Kanada ba.

SHAYA DA INJIN WANKI

Rigimar shaya ta fi ta masai tsawon rai, watakila don masai aikinsa a kwashe ne kawai, shaya kuwa akwai jin daɗi a ciki. Na farko-farkon su ma an yi musu gyaran ganga-auzinawa ne: tsohon kai aka cusa wa wata 'yar roba mai ƙaramin rami, ruwa ya riƙa fitowa kamar yayyafi, mai yawan gashi ya yi ta fama da kumfa. A 1996 shahararren wasan ban dariya na talabijin mai suna Seinfeld ya yi shiri guda a kan haka, inda 'yan wasan suka fito da gashi a kwance, har suka je wurin ɗan kasuwar bayan fage suka sayi kan shaya wanda aka ce na wanke giwaye ne. A zahiri kuwa ba sai an je kasuwar bayan fage ba, mutane da filaya suka riƙa zare 'yar robar su jefar.

Na baya-baya sun gyaru, wasu suna gauraya ruwa da iska don ɗigon ya yi kauri, wasu suna matse shi ta ƙananan ramuka ya fito da kaifi. Amma kowane da abin da sai an saba da shi. Ruwan da aka gauraya da iska yakan huce kafin ya sauka a jiki, sai mutum ya ƙara zafi. Kuma da yake bututun gidajen an sa su ne domin ruwa mai yawa, in ruwa ya ragu sai a daɗe ana jira kafin mai zafi ya iso daga tukunyar dumama. Iyalan da suka ɗauki abin da gaske suka koyi ajiye bokiti a ƙarƙashin shaya, su tari ruwan sanyin nan na farko su ba shuke-shuke. An yi tsammanin mutane za su rama ragin ta hanyar daɗewa a wanka, amma binciken nan na 1999 da na 2016 duka sun sami wankan Ba'amurke a wajen minti 8.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A watan Disamba na 2019 Shugaba Donald Trump ya yi ƙorafi a bainar jama'a cewa mutane na jan masai sau 10 har sau 15, ya kuma sha faɗin cewa shaya ba ta isar gashinsa. A Disamba na 2020 gwamnatinsa ta sake fassarar dokar, ta ce in shaya tana da baki da yawa, kowane baki yana da nasa galan 2.5. Gwamnatin Joe Biden ta soke wannan a Disamba na 2021, Trump ya komo ya sa hannu a wani umurni a watan Afrilu na 2025 don a warware abin da Biden ya yi. Ita kanta iyakar galan 2.5 ba umurnin da ya taɓa ta, tana cikin dokar 1992. Abin lura a nan shi ne, masai da ya jawo tsiyar an daina ƙera irinsa shekaru da dama kafin wannan ƙorafi, amma ɓacin sunan da ya bari yana nan yana cin kasuwa a siyasa.

Injin wanki nasa darasin dabam ne, don shi bai gaza ba, ido ne ya ƙi yarda da shi. Tsohon inji mai murfi a sama yakan cika ganga da ruwa, ya sha wajen lita 150 a wanki guda. Sabo mai ƙofa a gaba yakan jiƙa tufafin ne kawai ya yi ta ɗaga su yana yarfawa, kamar yadda mai wanki ke buga zane a kan dutse, ruwan da yake sha sau da yawa bai kai rabin na tsohon ba. Uwar gida ta leƙa ta gilashi ba ta ga ruwa ba, sai ta ce wannan ba wanki ba ne. Ta zuba sabulu yadda ta saba, kumfa ya cika ganga, tufafi suka fito da sauran sabulu a jiki. Sai da aka koyi cewa sabulunsa dabam ne mai ƙarancin kumfa, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Cewa yakan ɗauki lokaci fiye da na da. Cewa in an gama sai a bar ƙofarsa a buɗe a goge robar bakinta, in ba haka ba ya yi funfuna ya riƙa wari. Maganar warin nan har kotu ta kai, aka yi shekaru ana shari'a da wasu kamfanoni.

Wata damuwa kuma a ƙarƙashin ƙasa take. Manyan bututun ƙazanta na birane an gina su ne bisa zaton ruwa mai yawa zai riƙa tura kaya. A 2011 jaridu suka ba da labarin cewa birnin San Francisco na fama da wari a wasu unguwanni saboda ƙarancin ruwa a magudanai, har zai kashe dala miliyan 14 a kan bilic, ko da yake wasu masana sun ce an zuzuta laifin masai. Wani gwaji da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu aikin famfo da masu tsimin ruwa ta wallafa a 2012 ya nuna cewa, ban da yawan ruwan, abubuwan da suka fi hana kaya tafiya a bututu su ne gangarar bututun da kuma taurin takardar goge-goge.

A GIDAJEN ƘASAR NAN

Wannan magana ta ƙarshe ta kawo zancen gida, domin Bahaushe da buta yake tsarki, kuma in lissafin ruwa ake yi, ya riga Ba'amurke isa inda dokar 1992 take so ta kai shi. Buta ba ta cika wuce lita 2 ba. Wankan bokiti lita 10 ne zuwa 15, alhali wankan shaya na minti 8 a Amurka yakan ci wajen lita 60. Sai dai sababbin gidajen da ake ginawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da kewayen Abuja, kowane ɗaki da ban ɗakinsa, kowane ban ɗaki da masai na tangaran, kuma da yawansu famfon gwamnati bai kai gare su ba. Ruwan daga rijiyar burtsatse yake fitowa da kuɗin fetur ko na lantarki, ko kuwa daga kurar mai ruwa.

Ga lissafin. Gida mai mutum 8, kowa ya ja sau 5 a rana. In tankin irin tsohon ma'aunin Ingila ne na galan 2, watau lita 9, an zubar da lita 360, fiye da jarka 14 mai cin lita 25. In mai lita 6 ne, lita 240. In kuwa mai maɓalli biyu ne, babba lita 6 ƙarami lita 3, kuma kowa ya danna babban sau ɗaya ƙaramin sau huɗu, lita 144 ke nan, jarka 6 ba ta cika ba. Wannan mai maɓalli biyu kamfanin Caroma na Ostireliya ne ya ƙera shi a 1980, yanzu kuwa ya cika shagunan kayan gini. Amfaninsa duka ya rataya ne a kan yatsa. A gidan da ba a nuna wa yara da baƙi wane maɓalli ne na me ba, kowa babban yake dannawa, ko ya haɗa duka biyun. Duk abin da aka zuba kuma a sokawe zai taru, wanda sai an biya mota ta kwashe.

Akasarin masai da ke kasuwannin ƙasar nan irin na Ingila ne, mai faffaɗan bututu, wanda nauyin ruwa ke tura kayan ba zuƙa ba. Irin wannan ba ya cika toshewa da ƙaramin ruwa, sai dai yana bukatar buroshi a gefe, don haka bala'in da ya sami Amurkawa a 1994 ba lalle ne ya maimaitu a nan ba. Inda za a iya yin asara shi ne wajen shaya da famfo. Ma'aunin galan 2.5 na Amurka an yi shi ne a kan ruwan birni mai ƙarfin gaske, wanda sai tanki ya yi tsawon fiye da mita 50 kafin ya ba da irinsa. Tankin da ke kan ƙarafa mita 4 ko 5 a bayan gida bai ba da ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfi ba. Wanda ya sayo kan shaya mai tsimi na ƙasar waje ya ɗaura a irin wannan gida, ɗigo zai gani. Masai mai tukunyar iska kuwa ba zai yi aiki ba sam. 'Yar rariyar nan ta bakin famfo, mai gauraya ruwa da iska, tana da amfani ƙwarai wajen alwala da wanke hannu, amma yashin burtsatse yakan toshe ta. Kwancewa ake yi a wanke a mayar, ba jefarwa ba.

Babban ɓarawo kuma shi ne yoyo. Masai mai maɓalli yana da wata roba a gindin tanki, in tsakuwa ko yashi ya maƙale mata sai ruwa ya riƙa silalewa cikin kwano dare da rana ba ƙara. A Ingila, inda aka yi nazarin abin, an ƙiyasta masai guda mai yoyo yana zubar da lita 200 zuwa 400 a rana, watau ya cinye duk tsimin da aka saye shi dominsa har da riba. Mai gidan da ya ga tankin sama yana ƙarewa da wuri, kafin ya tuhumi yara ko matan gida, ya ɗiga bula a tankin masai, kada kowa ya ja, ya komo bayan rabin sa'a. In ruwan kwano ya yi shuɗi, ya kama ɓarawon.

Ga mafi yawan jama'a, waɗanda shadda ce a gidajensu, labarin ya zagayo ta wata hanya. A ƙasar Bangaladash an daɗe ana sa wa shadda wani lanƙwasasshen bututu mai riƙe ruwa don tare wari da ƙuda, amma da yake yana bukatar ruwa fiye da abin da mutum ke shiga da shi a 'yar butarsa, sai mutane suka riƙa fasa shi, kamar dai yadda Amurkawa suka riƙa zare robar shaya. A 2012 injiniyoyin American Standard, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da dokar 1992 ta tilasta wa sake zane, suka je ƙasar da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. A wannan karo sun fara da kallon yadda mutane ke yi da ruwan da ke hannunsu, sa'an nan suka zana. Abin da ya fito shi ne wani kwanon roba mai suna SATO, wanda ake ɗorawa a bakin shadda. A gindinsa akwai murfi mai ɗan nauyi a gefe guda, wanda ke buɗewa in kaya ya sauka da ɗan ruwa, ya koma ya rufe da kansa. Ruwan da yake bukata bai kai lita guda ba. An fara sayar da shi a Bangaladash a 2013, daga baya ya iso ƙasashen Afirka, har da Nijeriya.